Waƙar da ba ta fita kasuwa ba: tarihin faifai da kaset da gardamar masu saurare

Gabatarwa

Duk wanda ya saba zama rumfar mai shayi a Badagishiri ranar kasuwa ya san akwai gardamar da ba ta ƙarewa. In an gama ta kokowa da ta farashin dabbobi, sai a shiga ta waƙa. A damanar da ta wuce na tarar da dattawa biyu, tela da dillalin shanu, suna ja-in-ja a kan Bakandamiyar Alhaji Mamman Shata. Telan ya ce wadda ke cikin wayarsa ita ce ta asali, tunda ita aka saba ji a rediyo. Dillalin ya ce wannan ai ta ƴan kasuwa ce, ta asali tana cikin wani tsohon kaset da ya sayo a Sakkwato tun yana saurayi. A wajen biki aka ɗauke ta, ta fi tsawo, kuma akwai ɗiyan waƙa a cikinta da ba su taɓa hawa faifai ba. Suka ce: «Malam, kai ka yi boko, raba mu.» Na kasa, domin kowannensu yana riƙe da wani yanki na gaskiya.

Tambayar ta biyo ni har gida. Yaushe ne Bahaushe ya fara raba waƙoƙin mawaƙi gida biyu, waɗanda suka fita da waɗanda ba su fita ba? Faransawa suna da kalma guda, inédit, ga aikin da mai shi ya yi amma bai kai ga jama'a ba. Mu kuwa sai mun yi dogon bayani, kuma rashin kalmar ma yana da tarihinsa. Wannan maƙala za ta bi sawun tarihin, daga zamanin da baki ne kaɗai ma'ajiya zuwa zamanin wayar salula, sannan ta duba abin da ya rataya a wuyanmu, malamai da ƙungiyoyin raya al'adu.

Kafin zuwan na'ura

A ƙasar Hausa ta dauri, waƙa tana fita ne a daidai lokacin da aka rera ta. Makaɗin fada ya yi ta a ƙofar sarki ranar salla, makaɗin noma ya yi ta a gayya, na maƙera da na mahauta da na ƴan dambe kowa a fagensa. Wanda ya halarta ya ji, wanda bai halarta ba sai labari. Abin da ke tsaye a waƙa shi ne gindinta, wanda ƴan amshi ke maimaitawa. Ɗiyan waƙa kuwa suna ƙaruwa suna raguwa gwargwadon wanda ke zaune a wurin, da irin kyautar da aka yi, da abin da ya faru a gari a makon. Saboda haka waƙa guda tana iya rayuwa shekara talatin a bakin mai ita ba tare da ta fito iri ɗaya sau biyu ba.

Ibrahim Narambaɗa na Tubali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu, misali ne mai kyau. Ya rasu a farkon shekarun 1960, wato na'urar ɗaukar murya ta riske shi ne a ƙarshen rayuwarsa. Abin da ta kama daga bakinsa kaɗan ne idan aka auna da shekarun da ya yi yana kiɗa. Sauran ya zauna a kawunan ƴan amshinsa da fadawan Isa, ya kuma bi su kabari ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda zai ce waɗannan waƙoƙi ba su fita ba. Sun fita a gaban dubban mutane, sai dai ba su bar sawu ba.

Faifai da rediyo sun raba waƙa biyu

A shekarar 1877 Thomas Edison ya ƙera na'urar da ke kama murya ta mayar da ita. Faifan garmaho da ya yaɗu daga baya yana ɗaukar kimanin minti 3 a kowace fuska. Babban faifan da ya gaje shi yana ɗaukar kimanin minti 20. To, makaɗin Hausa da ya saba kwashe rabin sa'a a kan waƙa guda, ya zama dole ya datse ta don ta shiga ma'aunin na'ura. A ɗakin ɗauka kuma babu sarki, babu taron jama'a, babu mai miƙa kyauta da zai sa ya ƙaro ɗa.

A nan ne al'amarinmu ya saɓa da na Turawa. A wurinsu waƙar da ta fito a faifai ita ce kammalalliya, abin da ya rage a ɗakin ɗauka kuwa gwaji ne ko ragowa. A wurinmu sau da yawa wadda ta fito a faifai ita ce gajeruwa, cikakkiyar tana can a filin biki. Dillalin shanun Badagishiri bai karanta wannan a littafi ba, kunnensa ne ya gaya masa.

Rediyo ta faɗaɗa lamarin. An buɗe Rediyon Nijar a 1958, aka kafa hukumar ORTN a 1967, gidan rediyon ya ɗauki sunan Muryar Sahel a 1974. Tun 1962 ƙungiyar kulob-kulob na rediyo take aika masu ɗaukar murya ƙauyuka. A shekarar nan ta 1962 kuma gidan rediyon Kaduna ya fara aiki, muryarsa tana isowa har Adar. Masu bincike su ma sun shigo da nasu na'urori. Tolia Nikiprowetzky ya ɗauki kiɗe-kiɗen Nijar a farkon shekarun 1960, suka fito a faifan OCORA a Faransa. David Ames ya yi irin wannan aiki a Zariya a 1963 da 1964. A Yamai cibiyar IRSH da cibiyar da aka kafa a 1968, wadda yanzu ake kira CELHTO, sun tara zaruruwa na tarihin baka da waƙoƙi. Abin da kan fito a faifai ko a shirin zaɓi-sonka zaɓe ne daga cikin abin da aka ɗauka. Ragowar takan zauna a kan kanta cikin kwali. Zaren ɗauka yana da tsada a wancan zamani, shi ya sa gidajen rediyo da yawa a duniya, har da BBC ta Ingila, sukan goge tsohon shiri su ɗora sabo a kansa. Daga wannan lokaci ne aka fara samun waƙar da tana nan a ajiye amma ba mai jin ta.

Zamanin kaset: mai saurare ya zama ma'aji

Kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, amma sai a shekarun 1970 ya cika garuruwanmu. Adar ƙasar ƴan ci-rani ce. Saurayin da ya dawo daga Legas ko Abijan ko Kano, in ya samu, yakan riƙo rikoda mai batir a hannu, alamar tafiya ta yi kyau. Hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Illelar Nijeriya, ta shigo Birnin Ƙwanni, ta karkata a Tsarnawa ta bi ta Badagishiri zuwa Tawa, ba atamfa da man fetur kaɗai ta ɗauko ba. Ta ɗauko muryar Shata, da Musa Ɗanƙwairo, da Ɗan Anace, da Ɗanmaraya Jos. Ta kuma koma kudu da muryoyin makaɗan Nijar irin su Ɗan Gurmu na Tawa, wanda aka sa wa gasar kiɗa ta ƙasa sunansa a shekarun 1980.

Babban sauyin da rikoda ta kawo shi ne, tana ɗauka kamar yadda take faɗa. Duk mai ita yana iya ajiye ta a gaban makaɗi a wajen suna ko aure ko naɗin sarauta, ya danna. Washegari ya kai wa mai rumfar kaset, a juya wa wannan, a juya wa wancan. Ta haka aka samu dubban ɗauka da babu kamfanin da ya san da su, babu gidan rediyon da ya ajiye su, shi kansa makaɗin ma sau da yawa bai san an yi ba. Ba suna a jikinsu, ba shekara, sai abin da mai shi ya rubuta da biro, wani lokaci da ajami.

Shata ya rasu ranar 18 ga Yuni 1999, kuma sanannen abu ne cewa ko shi bai iya ƙidaya waƙoƙinsa ba, don da yawa nan take yake ƙirƙirar su a gaban wanda yake yi wa. Dandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kansa a 1975. Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun fitar da tarihinsa, Shata Ikon Allah, a 2006. Duk da haka, mai son sanin iyakar abin da Shata ya rera dole ya bi ta hannun masoya: direbobi, teloli, mahauta da ƴan kasuwa, waɗanda suka adana abin da hukuma ba ta adana ba.

Ra'ayoyin masoya

In ka saurari masu wannan gardama da kyau, za ka ga sun kasu uku. Kashi na farko su ne masu riƙo da faifai. Hujjarsu ita ce a nan makaɗi ya natsu, kalangai sun daidaita, ƴan amshi ba su yi tuntuɓe ba, ana jin kowace kalma. Suna ganin abin da makaɗi ya yarda ya shiga ɗakin ɗauka ya yi, shi ne abin da yake so a tuna shi da shi.

Kashi na biyu su ne masu riƙo da ta fili. Su hayaniyar taro ba ta dame su ba, ita ma suke biɗa. Suna son jin guɗa, da muryar sanƙira yana shelar kyauta, da yadda makaɗi ke juya waƙa nan take idan wani babba ya shigo. A wurinsu gwanintar makaɗi tana bayyana ne a inda bai shirya ba.

Kashi na uku masu shakka ne. Sun san kowane babban makaɗi yana da magada da masu kwaikwayo, sun san kuma mai rumfar kaset yana iya liƙa babban suna a kan ƙaramin aiki don ya sayar. Su ne za ka ji suna cewa wannan sautin kalangu ba na mutanen Shata ba ne, ko wannan murya ta yi ƙuruciya ga shekarar da ake faɗa. A yau da kwamfuta ke iya kwaikwayon muryar mamaci, amfanin irin waɗannan kunnuwa ya ƙaru.

Bai kamata malami ya raina wannan gardama ba, domin aikin masanin tarihi ake yi a cikinta ba tare da an kira shi da sunansa ba. Kaset marar shekara yana ɗauke da shaidunsa. In sanƙira yana kiran kyauta da naira, an ɗauke shi ne daga 1973 zuwa sama, shekarar da Nijeriya ta bar fam da sule. In da fam yake kira, a yi hattara, don mutane sun daɗe suna ce wa naira biyu fam. In an ambaci Jihar Sakkwato, ba a wuce 1976 baya ba. In Jihar Katsina ce, 1987. In makaɗin Nijar yana yabon Diori Hamani a matsayin shugaba, tsakanin 1960 ne da 1974. In Seyni Kunce ne da samariya, tsakanin 1974 da 1987. Wanda aka kira da sunansa kawai a wani kaset, aka kira shi Alhaji a wani, ya ba mu jerin kaset ɗin biyu. Dattawan rumfar shayi sun iya wannan lissafi, abin da ya rage a rubuta.

Misalai biyu daga gida

Akwai mawaƙan Nijar biyu da labarinsu ya nuna inda aikin da bai fita ba yake iya kaiwa. Na farko Mamman Sani Abdullahi, mai kiɗa da ogan na lantarki. Shekara da shekaru ƴan Nijar suna jin kiɗansa tsakanin shirye-shiryen rediyo da telebijin, da yawa ba su san sunan mai shi ba. A 1978 ya ɗauki kundinsa na farko a gidan rediyon ƙasa, aka juya shi a kaset ƴan kaɗan, ya ɓace daga kasuwa. Bayan fiye da shekara 30 wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, ya ci karo da kaset ɗin a wata ma'ajiya a Yamai, ya nemi mai shi, suka sake fitar da shi a 2013. A 2015 aka fitar da wani kundin na abubuwan da ya ɗauka tsakanin 1981 da 1984 waɗanda ba su taɓa fita ba. Mamman Sani ya kai ga yin wasa a Turai da kiɗan da ya kwana a cikin kwali.

Na biyu ɗan jaharmu ne ta Tawa, Mdou Moctar, mai jita, wanda ke waƙa da harshen Tamashek. A 2008 ya je Sakkwato ya ɗauki kundinsa Anar, da salon gyaran murya irin na waƙoƙin finafinan Hausa. Ba kamfanin da ya fitar da shi a lokacin. Waƙoƙin suka bi katin waya da Bluetooth daga hannu zuwa hannu har suka tsallaka iyakoki. Ɗaya daga cikinsu ta shiga wani tarin waƙoƙin wayoyin Sahara da Sahel Sounds ya fitar a 2011, kundin kansa ya fito a hukumance a 2014. A nan masoya ne suka fitar da waƙa shekaru kafin kasuwa ta san da ita, kamar dai yadda iyayensu suka yi da kaset.

Abin lura a labaran biyu shi ne, duka sai da baƙo ya zo daga nesa kafin aikin ya samu suna da shekara da mai shi a rubuce. Ba laifin baƙon ba ne. Tambaya ce gare mu.

Haƙƙin mai waƙa

Sai dai ba duk abin da aka ɗauka ya dace a watsa ba. Malaman Faransanci sun san labarin Jacques Brel, mawaƙin Beljik. Ya ɗauki kundinsa na ƙarshe a 1977, ya rasu a 1978, ya bar waƙoƙi 5 da ba a sa a ciki ba. Da aka fitar da su a 2003, masoya da yawa sun yi murna, amma abokan aikinsa na kusa, François Rauber da Gérard Jouannest, sun nuna rashin amincewa, suna cewa Brel bai ɗauki wasu daga cikinsu a matsayin kammalallu ba. Har yau ra'ayi ya rabu.

Namu ya fi wannan sarƙaƙiya. Waƙar fada tana tafe da zambo da habaici ga abokan hamayyar sarki. Abin da aka rera a zaure a gaban mutum goma, lokacin da ake rikicin sarauta, yana iya tayar da tsohon miki tsakanin jikoki idan ya shiga wayoyin dubu. Akwai kuma ɗaukar da aka yi wa makaɗi yana cikin rashin lafiya ko tsufa, wadda shi da kansa ba zai so a ji ba. Ga kuma batun dukiya: mai rumfa ya ci riba, iyalin makaɗi ba su ga ko dala ba. Nijar ta yi dokar kare haƙƙin mawallafa da kayan al'adun gargajiya a 1993, ta kafa ofishin BNDA a 1995, ta sabunta dokar a 2010. Amma doka ba ta shiga rumfar kaset sai in mutane sun shigar da ita. Adanawa daban, watsawa daban. Ta farko wajibi ce, ta biyu sai da izinin mai waƙa ko magadansa.

Kammalawa

Wani dattijo a unguwarmu ya rasu ya bar buhu cike da kaset da ya tara tun yana zuwa ci-rani. Magada suka raba gona da dabbobi, buhun kuwa ba wanda ya kula da shi. Ya kwana biyu a zaure, ruwa ya shiga, gara ta ci kwalayen, yara suka zare zaren suna wasa da shi a titi. Na je neman sa a makare. Ba zan taɓa sanin abin da ke ciki ba. Zaren kaset ba ya jure zafi da ƙura da laima irin namu, rikodar da za ta karanta shi tana ƙarewa, masu gyaranta sun koma gyaran waya, dattawan da suka san wane ne ke waƙa kuma a ina suna tafiya.

An yi irin aikin da ake bukata a wani wuri. A Gini Konakiri, tsakanin 2008 da 2013, wani mai bincike, Graeme Counsel, da tallafin babban ɗakin karatu na Ingila, ya juya zaruruwan gidan rediyon ƙasar zuwa kwamfuta, aka ceto waƙoƙi fiye da 9,000. Mu ba sai mun jira tallafi ba kafin mu fara da abin da ke gidajenmu. Kowace ƙungiyar al'adu a Illela, Malbaza, Ƙwanni da Badagishiri tana iya samun rikoda guda mai aiki da kwamfuta guda. Kowane malamin Hausa yana iya aika ɗalibansa su tambayi kakanninsu. A karɓi kaset aro, a juya shi, a mayar wa mai shi. A rubuta takarda ga kowane ɗaya: sunan makaɗi, wanda aka yi wa waƙar, wurin ɗauka, shekarar da ake zato da hujjar zaton, da yadda mai kaset ya same shi. In masoya sun saɓa a kan wata waƙa, a rubuta ra'ayin kowa, kada a zaɓi ɗaya a jefar da ɗaya. A ajiye kwafi a makaranta, a aika wani ga cibiyoyin bincike na Yamai, a kuma nemi iyalin makaɗi kafin a watsa.

Telan nan da dillalin shanu har yanzu ba su shirya ba. Amma dillalin ya yarda ya ba ni aron kaset ɗinsa na kwana uku, da sharaɗin in dawo da shi da hannuna. Na juya shi, na mayar. A cikinsa sanƙira yana kiran kyauta da naira, saboda haka mun san aƙalla bai girmi 1973 ba. Sauran bayanin yana wurin waɗanda suka halarci bikin, in akwai mai sauran rai a cikinsu. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Allah ya jiƙan makaɗanmu da suka riga mu, ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bari.